"Na Ji" Daban, "Na Yarda" Daban: Yadda Kwamfutocin 'Yan Kasuwa Ke Amsa Saƙon Juna

Falken da ya loda wake a kasuwar Tsafe ko ta Magami zuwa Legas yakan haɗa direba da takardar kaya, kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai an aiko masa cewa ta isa. A yau manyan kamfanoni da bankuna da hukumomin kwastan sun ɗora wannan aiki a kan kwamfuta: na'urar wannan ce ke aika wa ta wancan takardar oda ko ta kuɗin kaya, ba tare da akawu ya sake bugawa ba. To, yaya mai aikawa zai san saƙonsa ya isa lafiya?

Harshe ɗaya

Da farko dole na'urorin su yi magana da harshe ɗaya. A 1979 aka kafa kwamitin X12 a Amurka domin tsara wannan harshe. A 1987 kuma aka amince da ƙa'idojin EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin mizanin duniya mai lamba ISO 9735. A tsarin EDIFACT saƙo yana rarrabe layi-layi, kowane layi da sunansa mai harafi uku. UNH ke buɗe saƙo, UNT ke rufe shi, tare da faɗin yawan layukan da ke ciki.

Duba nahawu

Da zarar saƙo ya iso, kwamfuta za ta duba shi kamar malamin nahawu. Layukan suna bisa jerinsu? An sa harafi a gurbin lamba? In UNT ya ce layi 20 ne, ita kuwa ta ƙirga 19, ta san wani ya salwanta a hanya.

Muna da irin wannan bincike a gida. A 2010 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin NUBAN, wato lambar asusu mai alƙaluma 10, inda alƙalami na ƙarshe yake gadin sauran. Ga ƙaramin misali da 457. A ninka alƙalumanta da 3, 7, 3 bi da bi: 12 + 35 + 21 = 68. A cire 8 daga 10, saura 2, shi ne mai gadi. In wani ya yi kuskure ya buga 475, jimla za ta zama 76, mai gadi ya zama 4. Tun da bai dace da 2 ba, sai na'ura ta ƙi lambar. Malamai na iya gwada wannan da ɗalibai a aji.

Amsa iri biyu

Bayan bincike, na'ura takan mayar da amsa. Sunanta CONTRL a EDIFACT, a X12 kuwa 997. Abin da take cewa kawai shi ne: "Na karɓa, tsarinsa daidai ne," ko kuma, "Ga kuskure a layi kaza." Ita wannan amsa ba a mayar mata da amsa irinta, domin kada na'urorin su yi ta gaisuwa ba iyaka.

Nan ne ake yawan ruɗewa. Jimlar "Audu ya sha dutse" ba ta da aibu a nahawu, amma ba ta da ma'ana. Haka nan odar buhu 5,000 a maimakon 500 za ta wuce binciken tsari sumul. Yarda da farashi da yawan kaya da ranar kawowa sai a wani saƙo daban, mai suna ORDRSP. Wanda ya amsa sallamarka bai ce ya ba ka bashi ba.

Shi ya sa abokan ciniki kan rubuta yarjejeniya tun farko: wa zai amsa, cikin awa nawa, kuma me za a yi in an ji shiru. Kowane saƙo kuma yana da lambarsa, domin in an sake aika shi kada a loda kaya sau biyu. Ɗan kasuwar da ya tayar da mota daga Gusau saboda "na ji" kawai, yana iya isa Legas ya tarar babu mai sauke kayan.