Yadda Ake Shirin Tafiya Cin Rani Daga Ƙasar Gumel

Idan marka ta sassauta, malamai masu lissafin taurari suka ce Harsan ta fita Sarfa ta kama, gero ya ƙosa har yara sun fara gasa tumu a bakin gona, to, a lokacin nan ne hirar dandali a ƙauyukan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar take juyawa zuwa batun tafiya, wannan ya ce shi Kano ya nufa, wancan ya ce bana sai Legas. Cin rani daɗaɗɗiyar al'ada ce a wannan masarauta, saboda ƙasa ce ta jigawa mai gajeren damina, ba ta da yalwar fadama irin ta Haɗeja da Auyo da za ta riƙe majiya ƙarfi da noman rani. Sai dai da yawa daga samari suna zaton shirin tafiya shi ne neman kuɗin mota da ɗaure jaka, alhali kuwa a bakin rumbu yake farawa, kuma yakan ci wata biyu kafin ya kammala.

Abu na farko shi ne mutum ya tsayar da niyya, ya yi istihara, ya shawarci iyayensa, sa'an nan ya yanke ranar tashi gwargwadon abin da ya shuka. Gero ne ke fara shigowa, sai riɗi da gyaɗa da wake, dawa takan jira sanyi ya buso, zoɓo kuwa shi ne autan gona, kuma ɓararsa aiki ne mai cin hannu. Wanda ya shuka zoɓo da yawa, ko dai ya haƙura har a gama, ko kuwa ya wakilta ɗan'uwa amintacce, su yi sharaɗi a fili a kan ladansa tun kafin a fara. Riɗi ba a barin sa ga wakili idan da hali, domin da zarar ya bushe a tsaye bakinsa ya buɗe, jinkirin kwana kaɗan ya isa ya zubar da wahalar damina a cikin yashi. A kakkaɓe shi a kan tamfol, a sheƙe, a ɗinke buhu a gaban idon mai shi.

Idan dammuna sun taru a gida, sai zakka, kuma ita ce ke gaban kowane lissafi. Nisabin hatsi awsuƙi 5 ne, kowane wasaƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, abin da ruwan sama ya shayar kuwa ushuri ake fitarwa, wato dami ɗaya cikin goma kamar yadda manoma suka saba. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a haɗa gero da dawa don a cika nisabi, kowanne jinsi ne mai zaman kansa, kamar yadda ya zo a Risala. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi limamin garinsu tun hatsi yana fili, kada ya bari sai ya shiga rumbu.

Daga nan sai lissafin nafaƙa, wanda a ganina shi ne ruhin shirin baki ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mai gida ya zauna da uwargida, don ita ta san abin da tukunya ke ci, ya tambaye ta tiya nawa take ɗiba a yini. Misali, gidan da ke cin tiya 1 kullum zai ci tiya 180 a wata 6 na tafiyar, buhun gero kuwa tiya 40 yake ɗauka, ka ga buhu 4 da rabi ke nan. Amma kuskure ne a tsayar da lissafi a ranar dawowa, domin wanda ya dawo a bazara ba hatsi ya zo ya tarar a gona ba, noma ya zo yi, kuma iyali za su ci gaba da ci har tumun baɗi ya fito, a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa. Saboda haka lissafin shekara cur za a yi, wato buhu 9 ga gidan da muka ambata, ban da na biki da suna da baƙo. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne na sayarwa. Idan bai kai ba, mai tafiya ya san tun yanzu cewa kuɗin farko da zai aiko na cika giɓi ne, kuma da kaka ya kamata a sayi hatsin tun yana araha. A ware iri daban, a zaɓi zangarniya mai kyau a rataye inda hayaƙi ke bugunta, a gaya wa kowa cewa wannan ba na ci ba ne ko da me ya faru. Wake kuma a busar da shi sarai, a zuba a buhun nan mai ninki uku da ke hana iska shiga, a ɗaure kowane ninki daban, a ɗora a kan itace kada ya taɓa ƙasa. Kuɗin cefane, na gishiri da mai da sabulu da niƙa, a danƙa wa matar a hannunta, kada a bar ta tana aika yaro wurin ƙanin miji kullum safiya.

Gyaran gida ba ya son dogon bayani. A liƙe inda marka ta zaftare katanga, a sabunta danga da jinkar rumbu, a duba gara a gindinsa, a kawar da kara daga kusa da murhu saboda gobarar hunturu. Harawa da karmami a kwashe su da wuri a ɗora a bisa, tun kafin garken shanu su sauko gonaki.

Kuɗin tafiya galibi daga riɗi yake fitowa ko daga dabba, kuma babu inda ya fi kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda fatake daga Nijar da 'yan kudu suke haɗuwa. Wanda ya fi kusa da Gujungu ya bari sai Lahadi. A sayar da abin da ya wajaba kawai, a bar wa uwargida tinkiya ko akuya, domin ita ce asusun da za ta buɗe idan zazzaɓi ya kama yaro cikin dare. Bashin da ke kan mutum ya biya abin da ya sawwaƙa, sauran a rubuta a gaban shaidu kamar yadda ayar bashi ta cikin Baƙara ta yi umarni, haka nan jinginar gona ko aronta, a sanar da mai unguwa. Rubuta wasiyya ba ya kawo ajali, ko da yake mutanenmu suna ƙyamar zancen.

Kada a tashi sai an san gidan wa za a sauka, an kuma yi magana da shi ta waya ya tabbatar da sana'ar da ke tafiya, ko ga-ruwa ce, ko dako a kasuwar Dawanau, ko gadi, ko yankan farce. Mai shirin acaɓa ya bincika tukuna, tun da gwamnatin Legas ta hana shi a wasu ƙananan hukumomi a watan Yuni na 2022. Kayan jaka kaɗan ne: katin shaidar ɗan ƙasa, da bargo, da gidan sauro, da buta da darduma, da guzurin da ba ya lalacewa irin su ƙuli-ƙuli da dabino da yaji. Lambobin waya a rubuta su a takarda kuma, kuɗi a raba su gida biyu.

Magabata sun yi wannan tafiya a ƙafa da jaki, daga baya suka riƙa hawa jirgin ƙasa a Gagarawa bayan layin dogo na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930. Yau mota ce, kuma shawarata ita ce a shiga ta cikin tasha a biya kuɗi, a guji ɗarewa saman tirelar shanu don neman sauƙi, domin rayukan da aka rasa ta wannan hanya ba kaɗan ba ne. Daren tashi a zaga a sallami iyaye da surukai da maƙwabta, a nemi gafara, a ce wa maƙwabci ga amanar gida nan. Matafiyi zai fara ƙasaru bayan ya wuce gidajen gari, muddin tafiyar ta kai baridi 4, wato mil 48, kuma zai cika salla da zarar ya isa inda ya yi niyyar zaman kwana 4 ko fiye. Ranar dawowa ma a faɗe ta tun a gida, a sa ta kafin watan Mayu ya fita, don a samu sararin sharar gona da kai taki kafin ruwan shuka ya sauka.