Mai Gidan Haya da Ɗan Hayarsa

Ya ɗan'uwa, idan kana da ɗakunan haya, ka lura. A Gana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma a Akra akan nemi na shekara 2. Masu gidaje suna cewa siminti ya yi tsada, gaskiya ne kuwa. To, lebura fa, ina za shi sami wannan kuɗi, in ba bashi da ruwa ba?

Cikin Kubawar Shari'a, sura 24, an hana mai bin bashi shiga gidan maƙwabcinsa domin ɗaukar jingina. A waje za shi tsaya. Balle cire ƙofa ko kwanon rufi da damina domin haya ta makara. Wanda ya ƙi biya da gangan, ka kai shi gaban alƙali.