Atamfa a Teburin Berlin

'Ya'yana masu koyon ɗinki da zane, ku matso ku ji labarin Yinka Shonibare. A Landan aka haife shi a 1962, ya tashi a Legas, ya koma Ingila karatun zane. Can wani malaminsa ya tambaye shi dalilin da ba ya yin aiki irin na Afirka na asali. Sai ya nufi kasuwar Brixton ya sayo atamfa. Da ya bi diddiginta, ashe daga rinin batik na tsibirin Java a Indunusiya ta samo tushe. Turawan Holan ne suka kwaikwaya da inji, ba ta karɓu a Indunusiya ba, ta zo ta yi kasuwa a Afirka ta Yamma. Holan ɗin da ake jerawa a akwatin lefe, a garin Helmond kamfanin Vlisco ke buga ta.

A 2003 ya yi wani aiki, Scramble for Africa. Mutum-mutumi 14 sun kewaye teburi mai taswirar Afirka, wannan ya miƙa hannu, wancan ya karkace kamar mai gardama. Ɗinkin na manyan Turawan ƙarni na 19 ne, har da falmaran, amma yadin atamfa ne. Kuma babu mai kai a cikinsu. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 yake nufi, inda aka tsara rabon ƙasashenmu ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zaune ba. Fuska ta tafi, amma da gani ka san masu iko ne, domin ɗinkin kaɗai ya isa ya faɗa.

Mu ma, sutura ta nuna mai iko ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba. Alkyabbar da ake yafa wa sarki ranar naɗi, ta hamada ta iso mana daga Arewacin Afirka, kuma ba wanda ya ce ba tamu ba ce.

Don haka kada ku raina atamfa don kun ji inda aka buga ta. Iyayenku mata sun yi goyo da ita, sun raɗa wa zanenta sunaye, sun kai 'ya'ya ɗakin miji da ita. Abin da nake roƙonku, kafin ku sa almakashi, ku duba rubutun bakin yadin, ku zauna da tsofaffin 'yan Kantin Kwari su gaya muku ta inda ya biyo da waɗanda suka fara ɗaura shi. Allah ya yi muku albarka.