Darasi: Gyara Saitin Kwamfuta da Madannai Kaɗai

Idan hunturu ya kama a Maiduguri, ƙura ba ta barin komai. Tana shiga shagunan buga takardu na Abbaganaram, ta kwanta a kan tebur, ta shiga cikin na'urori. Linzamin kwamfuta yakan riga sauran kaya gajiya: ko wayarsa ta tsinke, ko batirinsa ya ƙare, ko ya daina jin dannawa. Sai ka ga an rufe aiki, mai takarda yana tsaye yana jira. Bai kamata a rufe ba. Kusan duk abin da linzami yake yi, madannai suna iya yin sa.

Wannan darasi ya shafi kwamfuta mai aiki da Windows 10 ko Windows 11. Sunayen madannai da boko suke a rubuce, don haka ku duba allon madannanku ku nemo kowanne da yatsa.

Ku fara da Tab. Yana gefen hagu, kusa da harafin Q. Duk lokacin da kuka danna shi, wani ɗan layi mai kewaye zai tsallaka daga wani wuri zuwa na gaba a fuskar kwamfuta. Wannan layi shi ne yatsanku, inda ya tsaya nan kuke. Idan kun wuce wurin da kuke nema, ku riƙe Shift ku danna Tab, zai koma baya. Kibiyoyi huɗu da ke ƙasa ta dama suna yawo cikin jeri ɗaya, sama da ƙasa, hagu da dama. Enter yana buɗe abin da kuka zaɓa. Dogon madanni na ƙasa, wanda ake raba kalmomi da shi, yana kunna abu ko ya kashe shi. Esc, can sama a kusurwar hagu, yana fitar da ku idan kun shiga inda ba ku nufa ba.

Yanzu mu yi aiki na gaske. Tsohuwar kwamfuta takan manta kwanan wata, saboda ɗan batirin da ke riƙe agogonta ya mutu. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Idan kwanan wata ya kauce, shafukan intanet da yawa za su ƙi buɗewa, mutum ya ɗauka data ce ta ƙare, ya je ya sayi wata a banza.

Ku riƙe madanni mai hoton taga, wato tambarin Windows, ku danna harafin I. Shafin saiti zai buɗe. Ku danna Tab har layin ya kai jerin sassa, sannan ku bi da kibiya zuwa inda aka rubuta Time & language, ku danna Enter. A ciki ku nemi Date & time. Akwai wurin da aka rubuta Set time automatically. Ku tsayar da layin a kansa, ku danna dogon madanni ya kunnu. Idan akwai intanet, agogo zai gyara kansa. Ku duba yankin lokaci kuma: na Najeriya shi ne West Central Africa, awa 1 gaba da agogon GMT. Kada ku yi sauri. Ku danna sau ɗaya, ku duba inda layin ya koma, sannan ku sake dannawa. Masu koyo sun fi ɓacewa wajen danna Tab a jere ba tare da kallon fuskar kwamfuta ba.

Wanda idonsa ya yi rauni ya riƙe tambarin Windows ya danna alamar tarawa, rubutu zai yi girma. Windows da Esc za su mayar da shi yadda yake. Idan an gama aiki, a danna Windows da D, sannan Alt da F4, sannan Enter, kwamfuta za ta mutu lafiya. Wannan ya fi danne madannin wuta da ƙarfi, abin da kan jawo asarar takardun da ba a adana ba.

Wannan ilimi yana da amfani ga 'ya'yanku ma. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A 2017, zamanin shugabancin Farfesa Ishaq Oloyede, ta fito da tsarin madannai 8 domin ɗaliban da ba su saba da linzami ba. Da A, B, C da D ake zaɓar amsa. N yana kai ɗalibi tambaya ta gaba, P ya dawo da shi ta baya, S na miƙa aiki ne, R kuma na komawa idan bai gama ba. Yaro ko yarinyar da ke neman shiga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat ta wannan hanya za su bi, kuma wanda hannunsa ya saba da madannai tun daga gida ba zai ɓata lokacin jarrabawa wajen lalube ba.

Kafin darasi na gaba, kowa ya samu kwamfuta, ta ajinmu ko ta wani ɗan'uwa. Ku cire linzamin ku ajiye gefe, ku buɗe saiti, ku duba kwanan wata, ku kashe kwamfutar da madannai kaɗai. Wanda ya iya, ya nuna wa na kusa da shi.