Turken da Zai Riƙe Rumfa Ranar Iska

Tambaya: Sana'ata ba da hayar rumfa da kujeru a wuraren biki da suna. Bara da farkon damina iska ta ɗage mini rumfa biyu ana tsakiyar walima, ta tumɓuke turakun gaba ɗaya. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Turakun nawa na rodi ne mai lamba 12, tsawon ƙafa ɗaya, an lanƙwasa kansu kamar ƙugiya. Ina so in kai wa mai walda aikin sababbi. Wane iri zan ce ya yi mini?

Amsa: Allah Ya ƙara kiyayewa. Ka yi dabara da ka tashi neman gyara tun hadari bai fara haɗowa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ka je wurin mai walda, ka riƙe wannan: ƙasa ce take riƙe rumfarka. Aikin turke shi ne ya damƙi ƙasa mai yawa ya jingina da ita. Idan igiya ta ja shi, sai ya tura ƙasar da ke gabansa, nauyin wannan ƙasa da taurinta su ne suke cewa a'a. Turke gajere kuma siriri ƙasa 'yar kaɗan yake turawa, ta sama-sama, wadda ƙafa ta tattake ta zama gari. Ko da ƙarfen jirgi aka ƙera shi, haka zai fito. Saboda haka duk abin da zan faɗa maka game da tsawo da kauri da wurin ɗaura igiya, manufarsa ɗaya ce, a sa turken ya kama ƙasa mai yawa.

Mutane suna raina ƙarfin da iska ke ɗora wa tamfol. Idan gudunta ya ninka sau biyu, turinta ninkawa yake sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 6. Ta kai kilomita 72, nauyin ya zama kusan kilo 24. Labulen gefen rumfa mai tsawon mita 6 da tsayin mita 2 da rabi murabba'in mita 15 ke nan, wato turin kusan kilo 360 a gefe guda. Wannan ban da iskar da ke shiga ta ƙarƙashi tana ciccibar rufin sama. Kuma irin iskar da ke gaban hadarin farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura, ba ta yin sallama. Fizga take yi ta saki, ta sake fizga.

Wannan fizgar ce ke kashe turke. Dubi ragon da aka ɗaure a turke: ba da ja ɗaya yake cire shi ba. Yana yin gaba yana yin baya, turken na girgiɗi, ramin na faɗi kaɗan-kaɗan, har ya zama yaro ma zai zare shi da yatsa biyu. Shi ya sa mai kiwon da ya san aikinsa yake kafa turke mai zurfi, ya ɗaure igiyar a gindi.

To, mu fara da tsawo, don shi ne kan gaba. A Amurka, ƙungiyar masu hayar tanti ta sa Jami'ar Ilinoi ta yi gwajin tumɓuke turaku a ƙasa iri-iri. Ma'aunin da suka ɗauka shi ne turken ƙarfe mai kaurin inci ɗaya, wanda ya nutse ƙafa uku cikin ƙasa. A ƙasa mai tauri sosai ya riƙe abin da ya haura kilo 1,100. A ƙasa mai laushi ƙwarai, shi dai wannan turken, kilo 45 kacal ya iya riƙewa. Sun kuma gano cewa idan aka rage zurfin daga ƙafa uku zuwa biyu, kusan rabin ƙarfin ya tafi. Yanzu ka auna naka mai ƙafa ɗaya, wanda ƙugiyarsa ma ta cinye wani ɓangare na tsawon. Ga rumfar biki, ka ce a yanka maka mita ɗaya, yadda kusan ƙafa uku za su shige ƙasa. Na san rodi ya yi tsada, na kuma san yaranka za su yi ƙorafin dukan guduma. Duk da haka kuɗin turaku 20 masu kyau bai kai na ƙarafan rumfa ɗaya da iska ta murɗe ba, balle kan yaron mutane.

Sai kauri. Rodi mai lamba 12 ka bar wa ƙaramin tanti na kwanan mutum biyu. Juriyar rodi ga lanƙwasa tana hawa da sauri fiye da yadda ido ke gani: mai lamba 16 ya ninka mai 12 fiye da sau biyu, mai lamba 25 kuwa ya ninka shi kusan sau tara. Ka nemi 20 ko 25. Da zarar turke ya lanƙwashe a bakin ƙasa, ya koma yana kallon rumfar, igiya sai ta zare shi a tsaye. Kaushin da ke jikin rodin gini yana taimakawa wajen kama ƙasa, amma yana cin igiya, don haka a goge daidai wurin ɗauri ya yi santsi.

Ƙugiyar nan ta kai, ka rabu da ita. Idan guduma ta sauka a kan lanƙwasasshen kai, dukan ba ya bin tsakiyar rodin, sai ya karkace, rabin ƙarfin ya tafi a banza, turken ya riƙa rawa yana buɗa raminsa tun bai gama shiga ba. Ka ce a bar kan a miƙe. Kamar yatsu uku ƙasa da kai, a yi waldar ɗan guntun rodi a gicciye, ko washa mai kauri, don ya tare igiya kada ta suɓuce. Waldar ta zagaye sosai, ba ɗigo biyu ba, domin girgizar duka tana ɓalle walda marar kyau. Bakin kuma kada a fiƙe shi ya yi tsini mai tsawo. Gajeren tsini na inci ɗaya zuwa biyu ya isa. Dogon tsini yana naɗewa idan ya ci karo da dutse, kuma siririn wurin ba ya riƙe komai. Bayan an sha dukansa za ka ga kan ya baje yana tsatstsagewa a gefe. A share wannan da magagari ko a wurin mai walda, saboda ɓarɓashinsa na tashi ya shiga ido.

Wannan turken na ƙasa mai ɗan ƙarfi ne, irin ta fili da makarantu da yawancin unguwanni. Jigawa da rairayi wani zance ne daban. A yashi, rodi mai zagaye yanka yake yi ya wuce, faɗi ake bukata. Nan sai ƙarfen angul mai faɗin inci biyu, a fere bakinsa, a kafa shi faɗin na fuskantar inda igiya ke ja, a kuma dakushe gefensa a wurin ɗauri don kada ya datse igiyar. Turken itace ma yana aiki ƙwarai a nan, idan na ƙirya ne ko marke, mai kaurin damtse. A tsaga shi bin jijiyar itacen, a sassaƙe gefen kansa don kada ya fashe, a yi masa 'yar gaɓa ta igiya. Jikinsa na da kaushi, kuma idan ya sha ruwa kumbura yake yi ya ƙara cika raminsa.

Idan yashin ya yi sako-sako har angul ma ba ya tsayawa, daina duka, ɗauko shebur. A haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu zuwa uku a gicciye da igiyar, a kwantar da gungumen itace ko bututun ƙarfe ko buhu cike da yashi, a ɗaura igiya a tsakiyarsa. A tsaga wa igiyar siririyar hanya ta fito a karkace zuwa rumfar, kada ta hau tsaye ta lanƙwasa a bakin ramin. A mayar da ƙasa ana tattakewa. Kafin wannan ya fito, sai iska ta ɗaga duk ƙasar da ke bisansa.

Laka ita ce mai yaudara. Irin baƙar lakar fadama, ko firgi ta yankin Tafkin Chadi, da rani tauri gare ta har guduma na tsalle, sai mutum ya saki jiki. Ruwa na sauka ta zama taɓo, turken da ya gagari ƙato da safe ya fito da yamma ba gardama. A irin wannan wuri zurfi ne kawai mafita, don ruwan farko bai cika ratsawa can ƙasa ba. Kada kuma a kafa a cikin tsagar da rani ya yi. A fako ko marmara kuwa, akwai al'adar zuba ruwa don ƙasa ta yi laushi kafin a kafa. Ban yarda da ita ba, domin taurin da kake nema shi ka jiƙa da hannunka. Gara a fara huda wurin da rodi siriri, a zare, sannan a bi da babban.

Guduma da kanta za ta gaya maka irin ƙasar da kake kai. Ka tsaya kusa ka kalli dukan ƙarshe-ƙarshe da babbar guduma. Idan kowane duka na shigar da turken tsawon yatsa ko fiye, ƙasar ba ta da ƙarfi, turke ɗaya ba zai wadatar ba. Idan da ƙyar yake motsa faɗin farce, ka samu wuri. Inda ƙasa ta yi rauni, a jera biyu a layin igiyar, tazarar ƙafa ɗaya ko fiye, a ɗaure kan na gaba da gindin na baya, ɗauri mai tsauri. Biyu a manne da juna ƙasa ɗaya suke turawa, ribarsu kaɗan ce.

Akwai kuma maganar karkata turke. Kusan kowa an koya masa ya kwantar da shi sosai, kansa na kallon waje. Gwajin da na ambata ya nuna cewa dogon turke ya fi riƙo idan ya shiga a tsaye, ko da 'yar karkata kaɗan. Dalilin a fili yake: wanda aka kwantar bai kai zurfi ba, ƙasar da ke bisansa kuma 'yar siririya ce, ɓantarewa take yi. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a karkata kan ya kalli rumfar. A buga shi har sai gicciyen ya kusa taɓa ƙasa, igiya ta zauna kamar yatsu biyu daga ƙasa. Duk tazarar da ka bari tsakanin ƙasa da ɗauri, ka ba iska mariƙin da za ta yi ta girgiza turken da shi.

Nisan turke daga ƙafar rumfa ya yi daidai da tsayin ƙafar. A haka, idan iska ta turo da kilo 100, igiya na ɗaukar kusan kilo 140. Idan ka matso da shi zuwa kusan rabin wannan nisa saboda ƙuncin layi, nauyin igiyar ya haura kilo 200, kuma yawancinsa sama yake ja, inda turke ya fi rauni. Igiyar ta taso daga saman ƙafar, inda ƙarafan rufi suka haɗu, kowace kusurwa kuma a ba ta biyu. Ka duba igiyoyin su ma. Ta roba da ta daɗe a rana tana yin fari tana zubar da gari, wannan ta gama aiki. Ta rama kuwa tana tsukewa idan ta jiƙe, har ta iya jawo turke da kanta, sai a ɗan sassauta mata in ruwa ya fara.

Wani lokaci za a kai ka harabar da aka shimfiɗa intalok ko siminti, maigida ya ce kada a fasa masa. Ɗaura bulo ɗaya a kowace ƙafa kwantar da hankali ne kawai. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, duro mai lita 200 kilo 200, kuma nauyi a kan daɓe mai santsi zamewa yake yi tun kafin a kai ga ɗaga shi. A watan Agusta na 2011, a bikin baje koli na jihar Indiyana a Amurka, iska ta rushe rufin wani babban dandamali, mutum bakwai suka rasu. Bincike ya nuna cewa igiyoyin an ɗaure su ne a jikin manyan tubalan kankare da aka ajiye a ƙasa, tubalan suka ja jiki. Idan dole sai duro, a cika shi fal, a sa tsohuwar taya ko shimfiɗar roba a ƙarƙashinsa, a ɗaure shi ta ƙasa, a kuma nemi ginshiƙi ko bishiya mai ƙarfi a ƙara da su. Inda za ka kafa turke mai ƙafa uku kuwa, tambayi masu gida inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi.

Kawunan turakun a shafa musu fenti mai haske, a kifa musu yankakkiyar robar ruwa, saboda yara masu guje-guje da tsofaffi masu fitowa bayan magariba.

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, kada ka kafa rumfa ka tafi da duk yaranka. Ka bar mutum ɗaya da guduma da ragowar turaku, ya riƙa zagayawa yana taɓa igiyoyi. Wadda ya ji ta yi sako-sako, ya duba gindin turkenta. Idan rami ya buɗe a bayansa, kada ya tsaya ƙara ɗauri, ya sake kafa shi a sabon wuri. Ya riƙa ture ruwan da ya taru a kan tamfol tun bai yi ciki ba. Ka kuma gaya wa mai biki tun ranar da ya biya kuɗi cewa idan gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, za a cire labulen gefe, a fitar da jama'a zuwa cikin gini, in da hali a sauke tamfol ɗin. Kada kowa ya tsaya riƙe ƙafar rumfa da hannu, ƙarfe ne, ga iska ga tsawa.