KYAMARA MAI IDO BIYU

A hutun da ya wuce Kaka ya buɗe tsohon akwatinsa ya fito da wata baƙar kyamara mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, an rubuta Rolleiflex a goshinta. Da ita ya ci abinci shekaru da dama yana ɗaukar hoto a wajen biki da suna. Ya ba ni aronta tare da fim guda ɗaya, ya ce idan ta faɗi ƙasa kada in doshi gida.

Kamfanin Franke da Heidecke ne ya ƙera ta a birnin Braunschweig na ƙasar Jamus, kuma ta fari ta shiga kasuwa a 1929. Idon ƙasa shi ke ɗaukar hoto, na sama kuwa don kallo ne kawai. A bayansa akwai madubi a karkace, wanda yake tura hoton sama zuwa kan wani gilashi. Saboda haka ba a kai ta fuska. Mutum yakan riƙe ta daidai cikinsa, ya sunkuya ya leƙa kamar mai duba rijiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne an dasa idanun biyu a kan faranti ɗaya, suna matsawa tare. Idan hoto ya fito sarai a sama, to, ya fito a ƙasa. Madubin ba ya motsi, don haka ba ta da ƙara, kuma ba ta bukatar batir. Fim ɗinta mai lamba 120 hoto 12 kaɗai yake ɗauka, kowanne santimita 6 tsawo da faɗi, girmansa ya fi ninki uku na ƙaramin fim mai milimita 35.

Amma fa madubin nan yana juya dama ta koma hagu. Ranar wasannin gidaje na tsaya bakin fili in ɗauki abokina a tseren mita 100. Ya nufi dama, na gan shi a gilashi yana nufar hagu, sai na bi gilashin. Hoto uku na ɓata, shi kuwa ya zo na ɗaya ba shaida. Da na shaida wa Kaka a waya, ya yi ta dariya ya ce, "Jikalle, ni ma sai da na yi wata guda kafin hannuna ya saba."

Sauran taran ina tattalinsu har ranar rabon kyaututtuka, ranar da iyayenmu za su zauna wuri ɗaya ba gudu.