Amsoshin Tambayoyinku: Mayar da gashin da aka yi wa bilicin zuwa launi mai duhu

Wata mai sauraronmu daga Kaduna tana tambaya: gashinta da aka yi wa bilicin ya koma ruwan ɗorawa, yaya za ta mayar da shi mai duhu?

To, 'yar'uwa, bilicin yana cire sinadarin melanin, har da jan launin da ke ƙarƙashin baƙin gashi. Shi ya sa idan aka shafa rini mai duhu kai tsaye, gashin kan yi kore-kore, kuma launin ya koɗe da wuri. Ƙwararru a shagon gyaran gashi sukan fara shafa rini ja ko ruwan tagulla, sannan su ɗora mai duhun. Suna haɗa rinin da sinadarin feroksaid mai sauƙi, na kashi 3 cikin 100, domin gashin ya riga ya yi rauni.

Don Allah ki gwada rinin a bayan kunne awa 48 kafin a shafa, domin sinadarin PPD da ke cikin wasu rinin gashi yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburi. Ki guji baƙin lalle, kuma ki dakata da man miƙar da gashi har gashin ya farfaɗo. Allah ya ba da sa'a.